Titi Ma Dandalin Wasa Ne

A 'yan shekarun nan, idan azumi ya doshi kwana 10, mutanen Kano kan ji sanarwa iri ɗaya daga rundunar 'yan sanda: an hana tashe. Dalilin da ake bayarwa gaskiya ne. 'Yan daba sun sha fakewa da ayarin masu tashe su ƙwace wayoyi, su sari mutane, su farfaɗo da tsohuwar gaba tsakanin unguwa da unguwa. Duk wanda aka taɓa tarewa da wuƙa a lungu bayan tarawihi ba zai ga baiken hukuma ba. Sai dai hanin ya haɗa har da abin da ba shi da laifi, wato daɗaɗɗen wasan kwaikwayon titi da Hausawa suka mallaka. Kuma abin takaici, da wuya a ji wani daga cikin masana ko 'yan fim ya fito ya ce an yi asara.

An yi asara kuwa, babba. Wasan da ake yi a titi, da fasahar da mutum ke nunawa da jikinsa a bainar jama'a, da gajeren fim ɗin da ake haɗawa ba da kuɗin kowa ba, duk 'yan gida ɗaya ne. A cikinsu ne al'umma take gwada sabon salo kafin ya shiga kasuwa, a cikinsu ne kuma talaka yake faɗa wa na sama abin da ba zai iya faɗa a zaure ba.

A duba abin da ke faruwa a daren tashe. Yaro ɗan shekara 10 zai manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, ya dogara sanda, ya zama Tsoho da Gemu. Wani ya baje ƙunshin saiwoyi da sassaƙe a ƙofar gida ya zama Jatau Mai Magani, yana jero cututtukan da yake warkarwa, abokansa suna yi masa amshi. 'Yan mata su sa wa ɗaya daga cikinsu babbar riga da hula ta zama Daudu, wata ta lulluɓe ta zama Mairama, a kwaikwayi zaman aure da ladubbansa a tsakar gida, a gaban matan da suka san auren ciki da bai. Akwai wasan malamin da aka zarga da taka rawa, yana ta musu alhali ƙafarsa ba ta daina motsi ba. A birnin Kano har manya suna da nasu: Nalako, sarkin gwagware, kan bi unguwanni da ƙaho da igiya yana farautar mazan da suka rabu da matansu ba su sake aure ba, a yi musu shiga ta ban dariya a zaga gari da su.

Babu rubutaccen labari a nan, babu darakta, babu labule. 'Yan kallo suna tsaye dab da 'yan wasa, suna dariya, suna tsoma baki, wani lokaci su ne ma masu amshi. Ayari guda kan maimaita wasansa a gidaje da dama a dare ɗaya, saboda haka gyara yake yi yana tafe: abin da ya ba da dariya a gidan farko a ƙara masa gishiri, abin da bai karɓu ba a watsar. Sakamako kuma nan take ake ganinsa, ko a ba da hatsi da 'yan kuɗi, ko a ce Allah Ya ba da haƙuri. Yaron da ya shekara biyar yana wannan ya koyi sarrafa murya, da karantar fuskar mai kallo, da sanin lokacin da ake sakin magana, ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne izinin da al'ada ta bayar. A sauran watanni yaro ba ya kwaikwayon malam ko dattijo ya kwana lafiya. A tashe kuwa malam da boka da maigida da tsoho duk ana taɓa su, su kuma yi dariya su ba da tukwici. Haka abin yake a kalankuwa, inda samarin ƙauye bayan kaka suke naɗa junansu muƙaman hukuma su kwaikwayi masu mulki, da wasan gauta na matan fada, da 'yan kama masu juya salon karatun malamai ya koma zancen tuwo da miya. Malam Aminu Kano ya fahimci ƙarfin wannan tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna. Ya rubuta wasanni, ya kuma ci gaba da shirya su da ɗalibansa lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauchi, yana amfani da su wajen tona zaluncin ma'aikatan En'e tun kafin a kafa NEPU a 1950.

Wannan izini da Bahaushe ya gada, a wasu ƙasashe da gumi da jini aka nemo shi. A Barazil, sojoji sun kama Augusto Boal a 1971, suka azabtar da shi, ya yi gudun hijira. Shi ne ya tsara wasan da ake tsayar da shi a tsakiya a ce wa mai kallo ya taso ya maye gurbin wanda ake zalunta, ya nuna yadda shi zai ɓullo wa lamarin. Da aka zaɓe shi kansila a birnin Rio de Janeiro, daga 1993 zuwa 1996, ya riƙa tattara shawarwarin da talakawa suka bayar a irin waɗannan wasanni yana mayar da su ƙudurori, har 13 suka zama doka. A Kenya, Ngugi wa Thiong'o da manoma da leburorin ƙauyen Kamiriithu sun gina dandalinsu da hannunsu, suka yi wasa da harshen Kikuyu a 1977. Gwamnati ta hana wasan, ta tsare Ngugi kusan shekara guda ba shari'a, a 1982 kuma 'yan sanda suka rushe dandalin.

Labarin Indiya ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin Hausawa sun san ƙasar ne ta fina-finan rawa da waƙa na Bombay, alhali tana da wata fuska. Safdar Hashmi da abokansa sun kafa ƙungiyar Jana Natya Manch a Delhi a 1973. Da kuɗin hayar zauren wasa ya gagare su, sai suka koma ƙofofin masana'antu da unguwannin leburori. Wasansu na 1978 mai suna Machine bai kai minti 15 ba, kuma 'yan wasan da jikinsu suke haɗuwa su zama injin masana'anta. Ranar 1 ga Janairun 1989 suna cikin wasa a Jhandapur, kusa da Delhi, 'yan bangar siyasa suka far musu. Suka kashe wani lebura, suka yi wa Hashmi dukan da ya yi ajalinsa washegari, yana da shekara 34. Ranar 4 ga wata matarsa Moloyashree ta koma wurin da sauran 'yan ƙungiyar, suka ƙarasa wasan da aka katse. Sai a 2003 kotu ta hukunta mutum 10 a kan kisan. Har yau masu wasan titi a Indiya suna bikin ranar haihuwarsa, 12 ga Afrilu, a matsayin ranarsu.

Darasin da ke cikin waɗannan labarai guda ne. Masu iko ba su cika damuwa da wasan da ake yi a zaure mai tikiti ba, domin sun san su wane ne za su shiga. Wanda ake yi a bakin kasuwa shi ne ke tsorata su, saboda babu mai gadin ƙofa.

Arewacin Nijeriya ya taɓa zama kan gaba a wannan fage a nahiyar Afirka. A 1975 Michael Etherton, wanda ya yi irin wannan aiki a Zambiya, ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Dandalin da aka gina wa sashen wasan kwaikwayon, wanda Steven Ehrlich ya zana, da ƙasa aka yi shi a siffar gidan Bahaushe, ɗakuna zagaye da fili a tsakiya. Daga nan aka fito da shirin Samaru: a tura ɗalibai cikin gari su zauna da masu shayi da 'yan kasuwa da matan aure, su ji abin da ke damunsu, su dawo su ƙulla wasa, sannan su koma su yi shi a titin da suka samo labarin. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 aikin ya kai ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, inda zancen ya koma kan takin zamani da gonaki da ruwan sha. Malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka riƙe aikin, suka kuma gane wani kuskure da wuri: idan ɗalibi ya zo daga jami'a ya yi wa manomi wasa a kan noma, wa'azi ya yi. Sai aka juya tsarin, manoman da kansu suka zama 'yan wasa da masu tsara labari.

Abin da ya raunana wannan yunƙuri daga baya shi ne kuɗi. Da ƙungiyoyin agaji suka gano amfaninsa, sai suka riƙa ɗaukar nauyinsa domin isar da saƙon rigakafi da tsafta da zaɓe. Saƙonnin masu kyau ne, sun kuma ceci rayuka. Amma wasan da aka rubuta ƙarshensa a ofis kafin a isa ƙauye ya rasa abin da ya sa aka ƙirƙiro shi, wato mutanen gari su yi tambayar da babu wanda ya shirya mata amsa.

Daga Zariyar nan kuma aka yaye Jelili Atiku, wanda ya karanci zane da sassaƙa a jami'ar, ya zama fitaccen mai nuna fasaha da jiki a Nijeriya. Wannan fanni ya bambanta da wasan kwaikwayo, domin mai yinsa ba ya kwaikwayon kowa. Jikinsa da suturarsa da abin da ya aikata a gaban mutane su ne aikin. Misalin da aka fi ambata shi ne na Marina Abramović a birnin Naples na Italiya a 1974, inda ta tsaya awa 6 ba motsi a gefen tebur mai ɗauke da abubuwa 72, daga fure da zuma har almakashi da bindiga, ta bar 'yan kallo su yi mata abin da suka ga dama. Aka fara da miƙa mata fure, aka ƙare da yanka mata fata da ɗora mata bindiga. Abin da ta fito da shi fili halin ɗan Adam ne idan aka ce masa babu hukunci. Atiku ya ɗauki wannan fanni ya haɗa shi da al'adun Yarabawa, yana fita titunan Ejigbo a Legas cikin shiga mai firgitarwa domin yin magana a kan kisan gilla da zalunci. Ya sami lambar yabo ta Prince Claus a 2015. A watan Janairun 2016, bayan wani wasa da ya yi a unguwarsu, aka kama shi da wasu abokan aikinsa aka kai su kurkukun Kirikiri, sai bayan watanni aka wanke su.

Ba duk abin da ake yi da sunan wannan fanni a Turai ne zai karɓu a ƙasar Hausa ba, kuma babu dalilin kwafo shi. Wanda ya taɓa ganin gardi yana wasa da kura ko maciji a kasuwa, ko ɗan tauri yana goga wuƙa a cikinsa, ya san cewa nuna bajinta da jiki a gaban taro ba baƙon abu ba ne a nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne matasan da za su ɗauki wannan gado su yi magana da shi a kan garkuwa da mutane, ko tsadar abinci, ko yaran da ke kwana a tasha.

A ɓangaren gajeren fim, Jamhuriyar Nijar tana cikin ƙasashen da suka fara a yankin. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, makanike ne da ya fara da nuna wa mutane zanen hannunsa ta hanyar akwati da fitila. Ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya kuma je Kanada ya ƙaro ilimin zane mai motsi wurin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, fim na minti 5 a kan wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki, da faretin girmamawa da duk wani taƙama na sababbin shugabannin Afirka. A shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Tambayar da fim ɗin ya yi, wato me kallon fina-finan waje ke yi wa samari, ita ce malamai da iyaye suke ta yi a Kano har gobe. Alassane ya ƙare rayuwarsa yana aiki a Tawa, ya rasu a 2015.

Oumarou Ganda kuwa tsohon soja ne da ya yi yaƙi a Indocina, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. Fim ɗinsa Cabascabo, mai minti 45, a kan sojan da ya dawo gida abokai suka cinye masa kuɗi suka watse, an nuna shi a bikin Cannes a 1969. A 1972 shi ne ya fara lashe babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu. Mutanen nan biyu sun yi aikinsu da ƙaramar kyamara da abokai a matsayin 'yan wasa, kuma duniya ta san su. Amma a yau ɗalibin fim a Faransa ya fi matashin Maraɗi ko Katsina damar ganin ayyukansu.

Irin wannan ƙwazo bai mutu ba. A Kaduna, wasu samari 'yan uwan juna da suka kira kansu The Critics Company sun koyi haɗa fim daga YouTube, suka riƙa yin gajerun fina-finan almarar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle. Labarinsu ya bazu a 2019, har J. J. Abrams, daraktan Star Wars, ya aiko musu da kayan aiki. A 2016 Abba Makama, ɗan Jos, da C. J. Obasi da Michael Omonua suka kafa ƙungiyar Surreal16 domin sun gaji da fina-finan biki da soyayya na Nollywood. Sun fara da gajerun fina-finai, suka kai ga Juju Stories da aka nuna a bikin Locarno a 2021, kuma Mami Wata na Obasi ya ci kyauta a bikin Sundance a 2023.

Kannywood ita ma daga ƙasa ta taso. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwa irin su Tumbin Giwa ne suka haife ta, da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Yanzu ta zama kasuwa, kuma kasuwa ba ta son kasada. Furodusan da ya zuba miliyoyi a fim mai dogon zango yana jiran kuɗin talla daga YouTube ba zai gwada salon da bai tabbatar zai karɓu ba, kuma ba za a zarge shi ba. Wurin gwaji shi ne fim na minti 7 da ba a sa ran ya dawo da ko sisi. Masana'antar da ba ta da irin wannan a gefenta za ta yi ta maimaita kishiya da gado da ɗan mai kuɗi.

Wayar hannu ta buɗe sabon titi, kuma dubban matasa suna yin barkwanci a TikTok da Facebook. Mafi yawansu neman mabiya suke yi, wasu ma da rashin kunya, amma a cikinsu akwai jikokin Jatau Mai Magani na gaskiya. Sai dai izinin da al'ada ta ba ɗan tashe bai biyo su can ba. A watan Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon barkwancin da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin. Ɓata suna laifi ne da doka ta sani. Amma duk matashin da ya ga wannan hukunci ya fahimci cewa ya fi masa sauƙi ya yi wa matarsa ko maƙwabcinsa ba'a da ya taɓa mai mulki, kuma irin barkwancin da ya cika wayoyi yanzu ke nan.

Masu goyon bayan hani suna da hujjoji biyu, kuma dukkansu sun cancanci amsa. Ta farko tsaro. Amsarta ita ce ba a rufe Kantin Kwari saboda 'yan sane, ƙara masu tsaro ake yi. Ana iya cewa kowane ayari ya yi rajista wurin mai unguwa, babba ya raka yara, 'yan sintiri su tsaya a mararraba, a kuma ƙayyade lokacin tashi. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar tana iya ware dare biyu ko uku a Gidan Ɗan Hausa ko filayen makarantu, unguwanni su yi gasa. Ta biyu ita ce ta masu ganin cewa wata ne na ibada. Tashe ya rayu shekaru aru-aru a garuruwan malamai irin su Kano da Zariya da Katsina, kuma abin da ya ƙunsa galibi horo ne a kan aure da zumunci da gudun ha'inci. Inda aka shigo da batsa ko cakuɗuwar da ba ta dace ba, wannan ɓangaren za a cire.

Sauran aikin na jami'o'i ne da kafofin watsa labarai da 'yan fim. Sassan wasan kwaikwayo na Zariya da Bayero da takwarorinsu na Yamai suna iya ɗaukar tashen kowane gari a bidiyo tun tsofaffin da suka san asalinsa suna raye. Tashoshi irin su Arewa24 da ARTV da Télé Sahel suna iya ware minti 15 a mako ga gajerun fina-finan matasa, su biya su ko da kaɗan ne. Manyan jaruman Kannywood, waɗanda da yawansu daga ƙungiyoyin unguwa suka fito, suna iya sa kyauta ta shekara-shekara ga gajeren fim mafi sabon salo. Majigin da Turawan mulkin mallaka suka riƙa kafawa a ƙofar fada yanzu ya koma na'urar da ake sakawa a jaka, ga farin bango a kowace firamare. A Kano akwai ɗakunan fassara da ke juya fim ɗin Indiya na awa 3 zuwa Hausa cikin 'yan kwanaki. Idan aka nemi izinin masu haƙƙin Cabascabo, juya minti 45 ɗinsa ba zai ɗauke su mako guda ba, daga nan a fara zagayawa da shi daga Damagaram zuwa Zariya.